An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Wa Ke Auna Masu Auna Malamai?

A watan Oktoba na shekarar 2017 gwamnatin Jihar Kaduna ta fito da wani labari da ya girgiza ƙasar nan. Ta ce ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa da irin tambayoyin da ake yi wa 'yan aji huɗu, sai 21,780 daga cikinsu suka kasa samun maki 75 cikin ɗari. Saboda haka za a sallame su, a ɗauki sababbi 25,000. Gwamnan wancan lokaci, Malam Nasiru El-Rufa'i, bai tsaya ga alƙaluma kawai ba, har hotunan wasu takardun amsa aka baza a Twitter da Facebook. Wasu suka yi ta dariya, wasu suka yi ta salati. Ƙungiyar malamai ta NUT ta yi ƙorafi a kan makin da aka yanke da kuma hurumin masu shirya jarrabawar, ta je kotu, ta shiga yajin aiki a watan Janairu na 2018, yajin ya watse bayan 'yan kwanaki, kora kuwa ta tabbata.

Ba na cikin masu cewa a bar wanda bai iya karatu ba ya ci gaba da riƙe alli don kawai yana da iyali. Yaran da ke gabansa su ma 'ya'yan wasu ne, kuma su ba su da ƙungiya, ba su da lauya, ba su iya yajin aiki. Wanda ya kasa amsa tambayar ɗan aji huɗu ba shi da abin da zai ba ɗan aji huɗu. A nan ba ni da ja. Inda nake da ja shi ne inda aka tsayar da tambayar. Mutum 21,780 ba daga sama suka faɗo cikin azuzuwa ba. Kowane ɗaya daga cikinsu akwai wanda ya karɓi takardunsa, akwai wanda ya yi masa ganawar ɗaukar aiki ko ya yafe masa ita, akwai wanda ya sa hannu a takardar tura shi makaranta. Akwai jami'in da ya ziyarci ajinsa shekara da shekaru yana rubuta cewa aiki na tafiya daidai, akwai kuma wanda ya amince a ƙara masa girma daga mataki zuwa mataki. An baza takardun amsar malamai duniya ta gani. Ba a baza takardun da aka ɗauke su aiki da su ba, balle rahotannin da aka yi ta rubutawa a kansu. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Waɗannan masu sa hannu suna da ofis kuma suna da suna a doka. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta shimfiɗa hawa uku: hukumar UBEC a Abuja, hukumar SUBEB a kowace jiha, sannan Hukumar Ilimi ta Ƙaramar Hukuma, wadda har yau mutanen gari ke kira L.E.A., ƙarƙashin Sakataren Ilimi. Wannan hawa na ƙarshe shi ne mafi kusa da yaro. Shi ke riƙe da jerin sunayen malamai, shi ke ba da shawarar wa za a tura ina, shi ke da jami'an da aikinsu kullum shi ne zagaya makarantu. In akwai ofishin da ya wajaba ya san ko ɗan aji uku na ƙauye kaza ya iya karanta sunansa, to wannan ne. Amma a duk lokacin da aka tashi gyaran ilimi, sai a tsallake shi. A yi wa gwamna kirari ko a zage shi, a kori malami ko a tausaya masa, na tsakiya kuwa ya lallaɓa ya koma kujerarsa. Ko da an sauya shi, sauyin yakan zo ne saboda gwamnati ta sauya ko uban gidansa ya faɗi zaɓe. Sauya mutum daban, auna aikinsa daban.

Gwamnan Kaduna na wancan lokaci da bakinsa ya ce siyasa ce ta lalata ɗaukar malamai a baya. Gaskiya ya faɗa, kuma ba Kaduna kaɗai ba. Kowa a Arewa ya san yadda ake raba gurabun koyarwa kamar naman layya: kansila na da nasa, shugaban jam'iyya na mazaɓa na da nasa, mai unguwa ma a ɗan taɓa masa. Aikin koyarwa ya zama sadakar da ake ba wanda ya rasa ko'ina. Amma ɗan siyasa ba ya rubuta takardar ɗaukar aiki da hannunsa, ma'aikaci ne ke rubuta masa. Abin da ya biyo baya a Kaduna ya isa hujja. Cikin rukunin farko na sababbin malaman da aka ɗauka don maye gurbin korarru, ba a yi nisa cikin 2018 ba sai da gwamnati ta sake sallamar fiye da dubu huɗu, ta ce su ma ba su cancanta ba. Ta wace ƙofa suka shigo? Ta ƙofar da na farko suka bi, don an sauya masu shiga ba a sauya masu tsaron ƙofa ba. A 2022 kuma aka sake sallamar wasu 2,357, mafi yawansu saboda sun ƙi zama jarrabawar, har da shugaban NUT na ƙasa, Kwamared Audu Amba.

Kuma kada wani ya ce abin ya zo wa hukumomi ba zato. Tun 2008 Jihar Kwara ta gwada malamanta fiye da 19,000, waɗanda suka kai matakin da ake nema ba su cika ɗari ba. Shirin ESSPIN, wanda Birtaniya ta ɗauki nauyinsa, ya yi shekaru yana aiki a jihohi shida, ciki har da Kano da Jigawa da Kaduna, yana ta nuna wa hukumomi raunin malamai da raunin masu duba su. A Borno, kwamitin da Gwamna Babagana Zulum ya kafa ya ba da rahoto a 2022 cewa cikin malamai 17,229 da aka gwada, 5,439 ne kaɗai suka cancanta, 7,975 za su gyaru in an horar da su, 3,815 kuwa ko horon ba zai yi musu amfani ba. Duk waɗannan sakamako, baƙi ne ko kwamiti na musamman suka tono su. Ofishin da ake biya albashi kowane wata don ya san wannan, shi ne na ƙarshen sani. Ko dai bai sani ba, wanda laifi ne, ko ya sani ya yi shiru, wanda ya fi muni.

Na yi shekaru ina koyarwa a makarantar firamare ta gwamnati, saboda haka na san yadda ziyarar masu dubawa take. Tun jajibiri labari ya iso. A sa yara su share fili, su jera duwatsu a bakin hanya, a aro allo daga ajin da ba za a shiga ba. Jami'i ya iso da hantsi a kan babur, ya wuce ofishin hedimasta. A kawo masa rajistar zuwan malamai, da rajistar yara, da littafin tsarin darasi na kowane malami. Ya duba ko an sa kwanan wata, ko an ja layi da jan biro, ko an rubuta manufar darasi da irin kalmomin da aka koyar a bita. Ya sa hannu. A kawo ruwa da lemo, wani lokaci a haɗa masa kuɗin mai daga aljihun malamai. In ya shiga aji, ya tsaya a bakin ƙofa, yara su miƙe su rera gaisuwa da Turanci, ya ce su zauna, ya fita. A tsawon shekarun nan ban taɓa ganin jami'in da ya jawo yaro ɗaya gefe, ya buɗe masa littafin Hausa, ya ce, "Ɗana, karanta mini wannan layi," ba. Minti ɗaya ya isa wannan aiki. Amma babu gurbinsa a fom ɗin da aka ba shi ya cike.

Malamai kuwa ba wawaye ba ne. Abin da aka auna su da shi, shi suke gyarawa. Na san malamin da littafin tsarin darasinsa ya fi na kowa kyau, rubutu kamar na ɗab'i, alhali wani yake biya ya rubuta masa a ƙarshen mako. Na kuma san wata malama da yaranta ke fita aji biyu suna haɗa baƙi suna karanta allunan shaguna a hanya, amma kullum ita ce ake rubuta wa takardar gargaɗi don ba ta cike littafinta a kan lokaci. A ma'aunin ofis, na farko ne gwarzo. Addininmu ya yi kashedi mai tsanani ga mai tauye mudu a kasuwa. Ban san abin da za a kira wanda ya zo awon hatsi ya auna buhun ya bar hatsin ba.

Me ake samu in an auna hatsin? An taɓa aunawa. Gwajin karatu na ƙananan azuzuwa da aka yi a Bauci da Sakkwato a 2013, da tallafin hukumar USAID, ya nuna cewa mafi yawan 'yan aji biyu da aji uku ba su iya karanta ko kalma ɗaya ba cikin gajeren labarin da aka ba su. Ba da Turanci ba, da Hausa, harshen da suke mafarki da shi. Gwajin da aka yi a wasu jihohin Arewa maso Yamma bayan haka bai ba da labari mai daɗi ba shi ma. Daga nan ne aka samu shirye-shirye irin su Mu Karanta a Bauci da Sakkwato, da RANA a Katsina da Zamfara. Madalla da su. Amma ina tambaya: waɗannan yara da suka yi shekara biyu ko uku suna zuwa makaranta ba su san harafi ba, a rahoton wane Sakataren Ilimi aka taɓa rubuta su kafin baƙi su zo? A takarda, dukansu sun ci jarrabawar zango, an rubuta musu na ɗaya da na biyu da na talatin, an ciyar da su gaba. Haka za a yi ta tura yaro kamar kaya a tasha, har ya kai aji shida, har ya shiga ƙaramar sakandare, a can malami ya gano bai iya rubuta sunan garinsu ba, ya ɗora laifin a kan na firamare, na firamare ya ɗora a kan iyaye, iyaye su ce boko ba ta da albarka.

Inda wannan sakaci ya fi ciwo, kuma inda aka fi yin shiru a kansa, shi ne ajin share fage, wato ajin 'yan shekara biyar da ke gaban aji ɗaya. Manufar ilimi ta ƙasa, a bugunta na 2013, ta sa shekara ɗaya ta share fage cikin ilimin da gwamnati ta wajabta wa kanta bayarwa kyauta. Ta ce malami ɗaya ga yara 25, ta kuma ce a koyar da su da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankin. Kwalejojin ilimi suna da sashe na musamman da ke ba da shaidar NCE a kan renon ƙananan yara da koyar da su. A takarda babu abin da ya rage. To, mai karatu, shiga makarantar gwamnati mafi kusa da kai ka ce a nuna maka wannan aji.

In akwai shi, sau da yawa za ka same shi a ɗakin da rufinsa ya yaye, ko tsohon sito, ko gindin darbejiya. Yara saba'in, tamanin, wani wuri fiye da ɗari, a zaune a ƙasa, wasu da ƙannensu a goye. Sannan ka dubi wanda aka ba su. A irin rabon da na saba gani, gwanin malami aji shida ake kai shi, don a can ne ake jarrabawar shiga sakandare, a can ne sunan makaranta ke fita. Mai bi masa a ba shi aji biyar. Haka za a yi ta gangarowa, har a zo kan wanda ya rage: dattijon da ke jiran takardar ritaya, ko mai jegon da ake so a sauƙaƙa mata, ko 'yar sa-kai da ba a biyanta sai abin da iyaye suka tara, ko wanda kowa ya san bai iya komai ba amma ba a iya korarsa don yana da uwa a gindin murhu. Shi za a ce, "Je ka riƙe yaran nan." Riƙewa ake cewa, ba koyarwa ba. Aikinsa ya hana su faɗa da kuka har a tashi. In ya yi ƙoƙari, ya sa su rera A, B, C da ɗaya zuwa goma da Turanci, da ƙarfi, safe bayan safe, yara na ihu da sautin da ba su san yana da alaƙa da wani zane a kan allo ba.

Wannan juya al'amari ne a kife. Ɗan aji shida da ya iya karatu, ko malaminsa rago ne, zai ɗauki littafi ya taimaki kansa. Ɗan shekara biyar ba shi da kowa sai wanda ke gabansa. A wannan shekara ce yaro ke koyon cewa magana tana rarrabuwa zuwa sautuka, cewa "ba" da "ɓa" ba ɗaya ba ne, cewa ana riƙe littafi ta nan a fara ta nan, cewa biyar ɗin da ake faɗa ita ce yatsun hannunsa. Ɗan ma'aikaci ya samu wannan a gida ko a makarantar kuɗi. Ɗan manomi da ɗan dako, waɗanda babu jarida ko littafin boko a gidajensu, wannan aji ne kaɗai damarsu ta kamo tazarar. Koyar da yaro irin wannan ya fi koyar da ɗan sakandare wuya, yana bukatar haƙuri da dabara da horo na musamman. Mu kuwa mun mai da shi wurin ajiye wanda aka rasa yadda za a yi da shi. Waɗanda suka karanci fannin a kwaleji, kaɗan ne, kuma da yawansu makarantun kuɗi ke kwashe su, ko kuma in gwamnati ta ɗauke su, jami'in da ke rabon malamai bai ma duba abin da suka karanta ba, ya tura su koyar da Turanci a aji biyar.

Wa ke yanke wannan rabo? Ba gwamna ba ne, ba minista ba ne. Hedimasta ne, da amincewar ofishin ilimi na ƙaramar hukuma. Ba ya bukatar kasafin kuɗi, ba ya bukatar bashin Bankin Duniya. Takarda ɗaya daga Sakataren Ilimi, cewa daga zango mai zuwa kowace makaranta ta sa mafi gwanintar malamanta a share fage da aji ɗaya da aji biyu, kuma ofis zai zo ya tabbatar, ta isa ta sauya rayuwar dubban yara. Ba a rubuta ta ne saboda babu wanda zai tambayi sakatare labarin 'yan shekara biyar. Za a tambaye shi azuzuwa nawa aka yi wa fenti, kujeru nawa aka karɓa, yara nawa aka yi wa rajista, musamman in ana rabon abinci. Waɗannan su ake iya ɗauka a hoto, su ne kuma ke da kwangila a bayansu.

Abin takaici, ma'aunin da muke nema ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Duk abin da za a faɗa game da makarantar allo, akwai abu ɗaya da ba a taɓa yi a cikinta: ba a ciyar da yaro gaba don shekara ta zagayo. Yana farawa da babbaƙu, ya wuce farfaru, kuma ba ya wanke allonsa sai ya zo gaban malam shi kaɗai ya biya abin da ke kai. Malam ya san inda kowane almajiri ya tsaya, uba ma in ya zo, tambayarsa ɗaya ce: "Ina yaron nan ya kai?" Kuma akwai amsa. Je ka yi wa ofishin ilimi wannan tambaya a kan 'yan aji biyu na gundumarsa, ka ga yadda za a yi ta buɗe fayil ana rufewa. Ita kanta boko a zamanin En'e tana da malamai masu zagayawa, waɗanda aka zaɓo daga cikin gwanayen aji, irin su Alhaji Shehu Shagari a lardin Sakkwato kafin siyasa ta ɗauke shi. Ba na cewa zamanin ya fi namu a komai, makarantun 'yan kaɗan ne, kuma 'ya'yan talakawa da yawa ba su shiga ba. Amma mai duba malami a lokacin ya fi malamin iya koyarwa. Yau sau da yawa akan kai mutum sashen dubawa ne don ya gaji da alli, ko don yana da wanda ya tsaya masa.

Wani zai ce a ƙasa matalauciya ba a iya wannan. Sai in ba shi labarin Sobral, wani gari a jihar Ceará da ke arewa maso gabashin Brazil, yankin da ya yi suna da fari da talauci. Wajen shekarar 2000 hukumar garin ta gwada yaranta, ta gano da yawansu suna wuce ƙananan azuzuwa ba su iya karatu ba. Ba ta ɓoye ba. Ta sa wa kanta buri ɗaya, kowane yaro ya iya karatu a farkon firamare. Ta daina naɗa shugabannin makarantu ta hanyar siyasa, ta koma zaɓensu da jarrabawa da ganawa. Ta riƙa aiko masu gwaji daga wajen makaranta suna sauraron karatun yara ɗaya bayan ɗaya, sakamakon kuma ya koma ga malami da shugaban makaranta da ofishin ilimi, kowa ya ga nasa. Bayan shekara goma sha biyar, garin ya hau kan gaba a ma'aunin ilimin firamare na ƙasar baki ɗaya. Jihar Ceará kuma, tun 2007, ta ɗaura wani kaso na kuɗin harajin da take raba wa ƙananan hukumominta a kan sakamakon karatun yaransu. Wato shugaban ƙaramar hukuma da ya yi wasa da aji biyu, a asusunsa zai ji.

Na san abin da jami'an ilimi za su ce, kuma wani ɓangarensa gaskiya ne. Za su ce ofishinsu ba mota, ba mai, kuɗin gudanarwa ba ya zuwa sai an ga dama. Za su ce albashin malamai daga kason ƙaramar hukuma ake cire shi, amma ikon ɗauka da kora yana babban birnin jiha, su 'yan aike ne kawai. Za su ce jerin sunaye daga sama ake aiko musu, wanda ya ƙi sa hannu ya rasa kujerarsa. Na ji. Amma wannan hujja ce ta a auna su, ba ta a ƙyale su ba. Ranar da aka wajabta wa kowane Sakataren Ilimi ya fito kowace shekara ya faɗi yawan 'yan aji biyu da suka iya karatu a yankinsa, ranar ce zai sami bakin cewa, "Ranka ya daɗe, ba zan karɓi wannan mutum ba, don ni za a tambaya." Yau ba shi da dalilin yin gardama da kansila, domin ɗaukar jahili ba ya rage masa komai. Jami'i nagari, kuma akwai su, shi ne zai fi kowa cin ribar ma'auni na gaskiya, don yanzu babu abin da ke bambanta shi da wanda ke zuwa ofis ranar albashi kaɗai. Wanda kuma aka hana shi mai da babur, sai ya rubuta haka a gefen sakamakonsa, laifin ya hau zuwa inda ya fito.

Akwai wata fargaba da ta fi wannan nauyi. In aka ɗaura kujerar mutum a kan alƙaluma, zai iya ƙirƙiro alƙaluman. Ya faru a Amurka: a birnin Atlanta an gano malamai da shugabannin makarantu suna goge amsoshin yara suna gyarawa don gundumarsu ta yi fice, har kotu ta sami goma sha ɗaya da laifi a 2015. Mu da muka san cibiyoyin da ake rubuta wa ɗalibai amsa a allo ranar jarrabawar WAEC da NECO ba ma bukatar a ba mu labari. Saboda haka bai kamata ofishin da ake aunawa ya zama shi ke riƙe da mudun ba. Gwajin ya zama na baki, yaro da littafi da mai sauraro, don ba a iya satar amsar karatu. Masu gwajin su zo daga waje, ɗaliban kwalejojin ilimi da jami'o'in da ke kusa sun isa, a zaɓi makarantu da yara ta hanyar ƙuri'a, ba tare da sanarwa ba. A Indiya wata ƙungiya mai suna Pratham tana yin irin wannan tun 2005, da 'yan sa-kai da 'yar takarda mai haruffa da kalmomi da gajeren labari, gida gida. Sakamakon kuma kada a kulle shi a Abuja. A karanta shi a rediyo da Hausa, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, a manna shi a ƙofar sakatariya da ƙofar fadar hakimi, a karanta wa kwamitin iyaye na kowace makaranta nasu.

Sai an yi haka ne auna malami zai zama adalci. Jarrabawar takarda tana iya nuna wanda bai san lissafin aji huɗu ba, kuma wannan sani ne mai amfani, amma ba ta nuna wanda ya iya sa yara sittin su gane bambancin "da" da "ɗa". Wannan sai an zauna a bayan ajinsa, tun daga farkon darasi har ƙarshe, sau da yawa a shekara, sai an saurari yaransa a farkon zango da ƙarshensa. Wanda aka ga rauninsa a nuna masa, a haɗa shi da gwani, a ba shi wa'adi. Wanda ya kasa bayan wannan a sallame shi da haƙƙinsa, ba tare da an yi masa tallar wulaƙanci ba. A fayil ɗin kowane malami da za a sallama kuma, a buɗe shafin farko a karanta sunan wanda ya ɗauke shi, a buɗe na tsakiya a karanta sunayen waɗanda suka rubuta cewa aikinsa na kyau. Su ma a kira su, a ba su kujera da fensir, a ajiye musu ɗan shekara bakwai daga makarantar da suka ce sun duba, a ce su gwada shi a gaban jama'a su faɗi matakin da karatunsa ya kai.